Yaya kuke lalubo abin da kuke nema a kundin bayanin yaren kwamfuta?

Nasiru:
Assalamu alaikum malamai da 'yan uwa. Duk sanda aka kawo tambaya nan sai in ga wani ya ce "amsar tana cikin kundin bayanin yaren, je ka duba". Ni kuwa in na je ɓacewa nake yi. Ga misali. Ina so in raba jimla zuwa kalmomi a Python. Na shiga docs.python.org, na ga shafi mai suna `string`, na ce ai duk abin da ya shafi rubutu nan zai kasance. Na bi shi tun daga sama har ƙasa ban ga inda aka yi bayanin `split` ba. Da na rubuta sunan a akwatin bincike kuma sai sakamako ya zubo rututu: `re.split`, `os.path.split`, `shlex.split`, ban san wanda zan taɓa ba. Ku da kuka daɗe a harkar nan, yaya kuke kai wa ga abin da kuke nema cikin minti ɗaya? Ko haddace kundin kuka yi?

Abdulmalik:
Wa alaikumus salam. Nasiru, kar ka wahalar da kanka. Rubuta tambayarka a Google ko ka tambayi manhajar ƙirƙirarriyar basira, nan take ka samu misali ka ɗauka. Kundin nan don masu ƙera yaren aka rubuta shi, ba don mu da muke so aiki ya tafi ba.

Malam Habibu:
Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Abdulmalik, zan dawo kanka, bari in fara da mai tambaya.

Nasiru, babu wanda ya haddace. Abin da muka sani shi ne fasalin kundin, wato wane irin abu ake ajiyewa a wane sashe. Kundin Python ba littafi ɗaya ba ne. Akwai darasin koyo, wanda ake bi daga farko zuwa ƙarshe. Akwai kundin laburare, inda aka jera kowane modul, wato tarin kod da aka riga aka rubuta don wani aiki, da abin da ke cikinsa. Akwai kundin yaren kansa, mai bayanin nahawunsa: yadda `for` ke aiki, yadda ake gina aji, wace alamar lissafi ke riga wace. Sai jagorori na yadda ake yin aiki kaza, da ƙamus na kalmomin fasaha.

Inda ka ɓace kuwa kusan kowa ya taɓa ɓacewa. `split` ba na modul ɗin `string` ba ne. Na nau'in `str` ne, wanda aka gina a cikin yaren, shi ya sa bayaninsa yake shafin `Built-in Types`, mai adireshin da ke ƙarewa da `stdtypes.html`. A wannan shafi ɗaya za ka samu duk abin da rubutu da jeri da `dict` da `set` ke iya yi. Shafin `string` kuwa abin da ke cikinsa shi ne tarin haruffa da lambobi irin su `ascii_letters` da `digits`, da `Template`, da ƙa'idojin da `format` ke bi wajen tsara rubutu. A ganina in mai koyo ya saba da `stdtypes.html` da `functions.html`, ya rage wa kansa mafi yawan yawon da yake yi.

Kafin ka taɓa akwatin bincike, tambayi kanka: abin nan na wane ne? In ana rubuta shi bayan ɗigo, kamar `jimla.split()`, to mai shi shi ne abin da ya zo kafin ɗigon. `type(jimla)` zai gaya maka `str` ne. Sai ka nemi cikakken sunan, `str.split`, ba `split` tsurarsa ba.

Nasiru:
Allah ya saka da alheri, Malam. Na rubuta `str.split` ya fito. Amma ga wani tsallen kuma. Layin farko ya ce `str.split(sep=None, maxsplit=-1)`. Ni dai na saba tsallake irin wannan layin in gangara wurin misalai.

Hadiza:
Ƙanena, layin da kake tsallakewa shi ne rabin bayanin. Yana gaya maka abubuwa biyu ake iya miƙa wa fankshin ɗin, wato `split`, kuma duk biyun ba dole ba ne, tunda kowanne an ba shi abin da zai zama in ba ka ce komai ba. `sep=None` na nufin in ka yi shiru, za a raba a duk inda aka samu fili, kuma fili uku a jere ɗaya ake ɗaukarsu. Amma in ka rubuta `split(" ")` da kanka, hali ya canza: kowane fili ɗaya mararraba ne, sai ka ga rubutu wofi ya shigo cikin sakamakon. Wannan bambancin yana nan a sakin layi na ƙasa da misalan farko, inda masu gaggawa ba sa kaiwa.

Akwai alamomi uku da ya kamata ka sani a irin wannan layi. Baka mai kusurwa, kamar a `range(start, stop[, step])`, ba rubuta ta ake yi ba, tana nuna abin da ke ciki na ganin dama ne. Sauran biyun duba su a nan:

`sorted(iterable, /, *, key=None, reverse=False)`

Duk abin da ya zo kafin `/` da matsayinsa ake miƙa shi, ba a kiran sunansa. Duk abin da ya zo bayan `*` kuwa dole sai ka kira sunansa. Shi ya sa `sorted(sunaye, len)` ke faɗuwa da `TypeError`, amma `sorted(sunaye, key=len)` ke tafiya lafiya. Mutum zai iya ɓata rabin awa yana neman dalilin kuskuren nan a intanet alhali amsar tana layin farko.

Abdulmalik:
Yaya Hadiza, na yarda bayaninki ya fita. Amma duba fa, duk wannan da kika rubuto, manhaja za ta ba shi `sorted(sunaye, key=len)` kai tsaye ba tare da ya san labarin `/` da `*` ba. Aiki ya tafi. Me ya rage?

Hadiza:
Abin da ya rage shi ne ranar da amsar ta yi kama da daidai alhali ba daidai ba ce. Bari in nuna maka wadda na gani da idona a kod ɗin wani abokin aiki. Yana so ya cire `.txt` daga ƙarshen sunan fayil, aka ba shi `suna.rstrip(".txt")`. Ya gwada da `rahoto.txt`, ya samu `rahoto`, hankalinsa ya kwanta. Sai ranar da fayil mai suna `test.txt` ya zo, ya fito `tes`. Dalili kuwa `rstrip` ba ɗafa-ƙeya yake cirewa ba. Abin da ka miƙa masa tarin haruffa ne, ɗigo da `t` da `x`, kuma zai yi ta gutsure su daga dama har sai ya ci karo da harafin da ba ya cikinsu. Kundin ya faɗi haka ƙarara, har ya nuna maka `removesuffix`, wanda shi ne ke yin abin da kake so. Babu saƙon kuskure, babu faɗuwa, sunaye ne kawai ke lalacewa shiru. Irin wannan shi ke ba ni tsoro fiye da kod ɗin da ya ƙi tashi.

Kuma ga abu na biyu a cikin misalin nan: `removesuffix` sai a Python 3.9 ya shigo. In na'urar da za ka ɗora aikin a kanta tana da 3.8, ba za ka same shi ba. A ƙasan bayanin kowane abu akwai ɗan layi da ke cewa a siga kaza aka ƙara shi, ko a siga kaza aka canza halinsa. Ni daga layin farko can nake fara leƙawa kafin in karanta tsakiya.

Injiniya Bashir:
Maganar siga ɗin nan a ja mata layi. Adireshin da ke da `/3/` kullum sabuwar siga yake nunawa, ba lallai wadda ke kan kwamfutarka ba. Ka buga `python --version`, sannan ka zaɓi sigar a saman shafin, ko ka canza adireshin da hannu zuwa `/3.9/` ko wadda kake da ita. Injin bincike bai damu da sigarka ba, shafin da mutane suka fi nunawa shi yake kawowa. An daina tallafa wa Python 2 tun ranar 1 ga Janairun 2020, amma har gobe amsoshin zamaninsa suna yawo. `distutils` an cire shi gaba ɗaya a 3.12, `datetime.utcnow()` kuma a wannan sigar aka sa masa alamar a daina amfani da shi, amma tsofaffin amsoshi cike suke da su.

Ba Python kaɗai ba. A cppreference, shafin kundin bayanin yaren C++, abubuwa da yawa suna da tambarin daga C++ na wace shekara suka fara. `std::auto_ptr` an ce a guje shi a C++11, aka cire shi a C++17. A MDN kuma, wato kundin bayanin JavaScript da sauran fasahohin yanar gizo, teburin da ke ƙasan shafi yana nuna wace burawza ce ta fara ɗaukar abin kuma daga wace siga. Wanda bai gangara ya duba teburin ba zai sa `toSorted`, wanda ya zo a sigar JavaScript ta ES2023, sai wayar wani mai tsohuwar burawza ta ƙi buɗe shafin.

Abdulmalik:
To na ji. Amma duk misalanku na wanda ya riga ya san sunan abin da yake nema ne. Ni matsalata ita ce ban san sunan ba. Ina so in haɗa jeri biyu su tafi kafaɗa da kafaɗa, ban taɓa jin `zip` ba. Me zan rubuta a akwatin kundin? Akwatin nan suna yake ganewa, ba ya gane nufi.

Malam Habibu:
Nan kam ka taɓo gaskiya, Abdulmalik, kuma ba zan musa ba. Kundin bayani an tsara shi ne don wanda ya san abin da yake nema. Wani masani mai suna Daniele Procida ya kasa rubutun bayanin manhaja gida huɗu a tsarinsa na Diátaxis: darasin koyo, jagorar aiki, kundin dubawa, da bayanin dalili. Kowanne da buƙatar da yake biya. Wanda bai san suna ba, kundin dubawa ba zai yi masa saurin amfani ba, kamar dai ƙamus ne a hannun wanda ya san ma'ana amma kalmar ta ɓace masa.

Saboda haka ban ce a bar injin bincike ko manhajar basira ba. Ni ma ina amfani da su. Aikinsu a wurina shi ne su ba ni suna. Da zarar na samu `zip`, na bar su na koma kundi in karanta abin da `zip` ke yi. A nan ne zan ga cewa in jerin biyu ba su kai tsawon juna ba, a gajeren yake tsayawa bai ce uffan ba, sauran kuma su zube. A nan zan ga cewa daga 3.10 akwai `strict=True` da zai sa ya yi ƙara in tsawon ya bambanta, da kuma `itertools.zip_longest` ga mai son a cike giɓin. Wanda ya ɗauki misali ya tafi bai ga ko ɗaya daga cikin ukun nan ba. Inda muka saɓa da kai shi ne kai kana tsayawa a sunan.

Sai abin da ka ce a farko, wai don masu ƙera yaren aka rubuta kundin. Wannan bai yi mini daɗi ba, don yana sa mai koyo ya ji ba wurinsa ba ne. Kundin laburare namu ne, mu masu amfani. Ko kundin nahawun yaren, da ya fi tauri, yana amsa tambayoyin da muke yi kullum. Me ya sa in ka rubuta `def f(x=[])` jerin yake riƙe abin kiran baya? Amsar tana sashen bayanin yadda ake gina fankshin: sau ɗaya ake lissafa abin da ke bayan `=`, lokacin da aka gina fankshin ɗin, ba duk sanda aka kira shi ba.

Rukayya:
Malam, a ba ni dama in ƙara wani abu kan rashin sanin suna, don akwai yarukan da suka yi wa matsalar magani ta wata hanya mai daɗi. A Haskell akwai Hoogle, wanda Neil Mitchell ya ƙirƙira. Ba suna kake ba shi ba, siffar abin kake ba shi: me ke shiga, me ke fita. In ka rubuta `(a -> b) -> [a] -> [b]`, wato ina da fankshin da ke mayar da abu zuwa wani abu, ina da jerin na farko, ina son jerin na biyu, zai kawo maka `map`. Kundin Rust ma yana yin haka. Danna `S` ko `/` ka shiga akwatin bincike, ka rubuta `vec -> usize`, zai jero abubuwan da ke karɓar `Vec` su mayar da lamba, `len` na ciki.

Ko a yaren da ba shi da irin wannan binciken, tunanin yana aiki. In na tambayi kaina me ke hannuna kuma me nake so ya fito, na riga na san shafin da zan buɗe. Rubutu ke hannuna? Shafin `str`. Sai in bi jerin sunayen da ido daga sama zuwa ƙasa, ba karatu ba, leƙe kawai. A Python `dir("")` zai zubo maka sunayen duka a tamina, wato tagar da ake buga wa kwamfuta umarni. Sau da yawa sunan da kake nema da kansa yake kiran idonka.

Nasiru:
Anti Rukayya, `dir` ɗin nan ya burge ni, yanzu na gwada. Wato ba sai na buɗe burawza ba ma?

Rukayya:
Sau da yawa ba sai ka buɗe ba. `help(str.split)` zai ba ka bayani a nan inda kake. A IPython ko Jupyter ka sa alamar tambaya bayan suna, `len?`, in ka sa biyu kuma ya nuna maka kod ɗin kansa in da Python aka rubuta shi. `python -m pydoc -b` zai buɗe maka kundin duk abin da ke kan kwamfutarka a burawza ba tare da intanet ba. A Go, `go doc strings.Split`. A R, `?mean`. A cikin `psql`, `\h SELECT`. A Rust, `rustup doc --std`, sannan `cargo doc --open`, wanda na fi ƙauna, don yana gina kundin ainihin sigogin laburaren da aikinka ya dogara da su. Maganar saɓanin siga ba ta ma taso ba.

Hadiza:
Rukayya, a nan zan ɗan ja birki. `help()` na Python ba shi ne kundin da ke shafin intanet ba. Ɗan bayanin da aka rubuta a cikin kod ɗin yake nunawa, kuma galibi ya fi gajarta sosai. Layukan da ke cewa a siga kaza aka ƙara ko aka canza yawanci ba sa ciki, haka ma dogayen misalai da akwatunan gargaɗi. Akwatunan nan kuwa ba ado ba ne. A saman shafin `pickle` an rubuta cewa ba shi da tsaro, kar ka buɗe bayanan da ba ka amince da tushensu ba, don ana iya cusa kod a ciki ya gudana a na'urarka. A shafin `random` an ce kar a yi amfani da shi wajen abin da ya shafi tsaro, a koma `secrets`, wanda ya zo a 3.6. Wanda zai ƙirƙiri lambar sirri ta sake saita kalmar shiga da `random` ya kamata ya ci karo da wannan akwatin kafin ya rubuta layi ɗaya.

Don haka ni rabon da nake yi: abin da na sani na manta jerin abin da ake miƙa masa, `help()` ya wadatar. Abin da zan taɓa karon farko, cikakken shafi.

Rukayya:
Haka ne, Yaya. Na amince da wannan rabon.

Injiniya Bashir:
Tunda an shigo tamina, bari in yi maganar `man`, umarnin da ke buɗe littafin bayanin tsarin Unix da Linux, don ina ganin matasa suna buɗe shi su rufe da sauri. Tun 1971 Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fitar da littafin Unix na farko, kuma rabon sassan da ake bi har yau daga can ya samo asali. Sashe na 1 umarnin da kake bugawa ne, na 2 kiran da ake yi wa zuciyar tsarin, na 3 fankshin na laburare, na 5 fasalin fayiloli. In kana rubuta C ka buga `man printf`, umarnin tamina za a kawo maka, ba wanda kake nufi ba. Naka shi ne `man 3 printf`. Haka `man crontab` zai gaya maka yadda ake kiran umarnin, amma yadda ake rubuta layukan lokaci yana `man 5 crontab`. In ba ka san suna ba, `man -k socket` zai binciko duk shafin da kalmar ta fito a sunansa ko taƙaitaccen bayaninsa.

A cikin shafin kuma kar ka yi ta gangarawa da kibiya. Danna `/` ka rubuta abin da kake nema, `n` ya kai ka na gaba, `N` ya mayar da kai baya. Ga dabarar da ta fi yi mini amfani: in ka nemi `-r` a `man grep` zai tsaya a duk inda haruffan biyu suka haɗu, har cikin wasu kalmomi. Amma in ka rubuta `/^ *-r`, sai ya nemi layin da ya fara da fili sannan `-r`, wato daidai inda aka yi bayanin zaɓin.

Sassa biyu ne ba na yafe wa kowa tsallake su a shafukan C: `RETURN VALUE` da `ERRORS`. Ɗauki `man 2 read`. Ka ce a karanto maka bayit 4096, kana zaton ko dai ka samu 4096 ko a ce an samu kuskure. Shafin ya faɗa a fili cewa ana iya ba ka ƙasa da abin da ka nema kuma ba kuskure ba ne. Daga fayil ɗin da ke kan faifai da wuya ka lura. Ranar da ka karanta daga hanyar sadarwa, saƙo ya zo rabi, sai shirinka ya ɗauki rabin a matsayin duka. Jimla ɗaya ce a shafin, amma ita ce ke sa ka rubuta madauki maimakon kira ɗaya.

Usman:
Ni abin da zan ƙara na saurin hannu ne, tunda Nasiru minti ɗaya ya ce. Na farko DevDocs. Yana tara kundayen yaruka da yawa a shafi ɗaya, kana iya sauke su su zauna a burawza su yi aiki ko intanet ya yanke, kuma in ka rubuta `js` ka danna Tab, binciken ya taƙaita ga JavaScript kaɗai. Masu Mac suna da Dash, masu Windows da Linux suna da Zeal, dukkansu aiki ɗaya suke yi.

Na biyu, sa wa burawzarka gajeren suna na bincike. A Firefox da Chrome duka ana iya ajiye adireshi irin `docs.python.org/3/search.html?q=%s` a ba shi suna `py`. Daga nan `py str.split` a wurin adireshi ya isa. PHP ma ba sai ka saita komai ba, `php.net/strlen` kai tsaye yake kai ka shafin. In kuma Google ɗin za ka yi amfani da shi, sa `site:docs.python.org` a gaban tambayar, ka huta da shafukan da suka kwafe kundin suka cika shi da talla.

Nasiru:
Yaya Usman, na gode. Tambaya ta ƙarshe. Na ga `:=` a kod ɗin wani, na rubuta a injin bincike bai ma kula da alamar ba.

Malam Habibu:
Alamomi su ne inda injin bincike ya fi gazawa, don sau da yawa yana watsar da su. Kundin Python yana da fihirisa, mahaɗarsa tana saman kowane shafi, kuma kafin harafin A akwai shafin `Symbols` inda aka jera alamomi da wurin bayanin kowacce. `:=` tana nan, ta shigo a 3.8, tana ba ka damar ajiye abu a suna a tsakiyar lissafi. A tamina ma `help('symbols')` zai jero su, in kuma ka sa alamar a ciki, kamar `help('**')`, ya ba ka bayaninta. A MDN kuma akwai shafi guda da ya tara duk alamomin JavaScript, a can za ka samu `??` da `?.`. Fihirisar nan mutum ne ya zaɓi abin da zai shiga cikinta, shi ya sa take kai ka wurin da aka yi bayanin abu, ba duk wurin da aka ambace shi ba.

Abdulmalik:
Malam, na karɓi maganar suna daga manhaja, bayani daga kundi. Amma har yanzu ina da ja a wuri ɗaya. Wasu shafukan kundin babu misali ko ɗaya, ko kuma misalin bai yi kama da aikin gaske ba. A irin wannan wurin amsar dandalin tambayoyi na Stack Overflow mai misali uku ta fi mini shafi guda na bayani. Kuma ba kowane laburare ne ke da kundi mai kyau irin na Python ko Rust ba. Akwai waɗanda kundinsu sunaye ne kawai a jere.

Hadiza:
Wannan gaskiya ne, kuma ba laifin mai karatu ba ne. In kundi ya gaza, ni ba amsoshin mutane nake fara nema ba, kod ɗin laburaren nake buɗewa. A manhajar rubuta kod ta VS Code ka sa alama a kan sunan ka danna F12, ya kai ka inda aka rubuta shi. Sannan babban fayil ɗin gwaje-gwajensu, wanda galibi ake kira `tests`. Can ne misalan da suka fi kowanne aminci suke, don masu laburaren da kansu suka rubuta su, kuma ana gudanar da su duk sanda aka canza wani abu, saboda haka da wuya su tsufa a bar su. Amsar Stack Overflow ina karanta ta, amma sai na duba shekarar da aka rubuta ta da sharhin da ke ƙasanta, don dandalin yana nan tun 2008 kuma amsar da ta fi ƙuri'a sau da yawa ita ce mafi tsufa.

Abdulmalik:
Fayil ɗin `tests` ban taɓa tunanin buɗe shi don neman misali ba. Akwai laburaren da nake fama da shi yanzu haka, kundinsa bai faɗi abin da ke faruwa in aka miƙa masa jeri wofi ba. Zan duba ko sun gwada hakan.

Injiniya Bashir:
In ka samu amsar a can, ka aika musu gyaran kundin. Yawancin kundayen nan a wuri ɗaya suke da kod ɗin, kuma shafukan MDN da na Python suna da mahaɗar da ke kai ka ainihin fayil ɗin rubutun ko wurin kai rahoton matsala. Layi biyu kan jeri wofi ya isa a karɓa.

Abdulmalik:
Na duba, sun gwada. `None` yake mayarwa, ba jeri wofi ba. Injiniya, turo mini yadda ake aika gyaran.